Takubban Haske da Kalangun Mahauta: Muhawarar Beat Saber a Idon Ɗan Zango

Wanda ya tsaya daga gefe yana kallon mai buga Beat Saber zai iya rantsuwa cewa da iskoki yake faɗa. Mutum ne tsaye a tsakar ɗaki, ƙaton tabarau ya rufe masa ido, ya damƙe mariƙi ɗaya a kowane hannu, yana kai sara dama da hagu, ya sunkuya, ya goce, gumi na tsiyaya. Shi kuwa can cikin tabaran abin da yake gani daban ne. Doguwar hanya ce mai duhu, fitilu na walƙiya, tubala ja da shuɗi na tahowa a guje daidai da bugun kiɗa, kowanne da 'yar kibiyar da ke nuna ta inda za a sare shi. A hannun hagu takobin haske ja, a na dama shuɗi. Ja ya sari ja, shuɗi ya sari shuɗi. Akwai bama-baman da ba a taɓawa, akwai bangon da ake kauce wa. Iyakar dokar ke nan, amma a kanta 'yan wasa suka shekara da shekaru suna musu.

A birnin Prag na Jamhuriyar Cek aka haifi wasan. Ján Ilavský da Vladimír Hrinčár ne suka gina shi, Jaroslav Beck ya yi masa kiɗa. An fara sayar da shi a watan Mayun 2018 da waƙoƙi goma kacal, aka fitar da cikakkensa a Mayun 2019, kafin shekarar ta ƙare kuma Facebook, wanda yanzu ake kira Meta, ya saye kamfanin nasu, Beat Games. A farkon 2021 aka sanar cewa an sayar da kwafi fiye da miliyan 4, ban da waƙoƙi miliyan 40 da 'yan wasa suka saya daban. Mutane da yawa da suka sayi irin wannan tabarau, wanda ake kira na VR, saboda wannan wasa suka saya.

Wani zai ce me ya haɗa wannan da Zango. Tabaran dai bai zama ruwan dare a ƙasar Daura ba, amma bidiyoyinsa sun riga shi isowa ta wayoyin samari, kuma PlayStation ma a da labarinta ake ji kafin gidajen gem su cika garuruwan Arewa. Sannan Zango ba baƙuwar kiɗa ba ce. Nan ne sarakunan Daura na gidan Haɓe suka zauna a ƙarni na 19 bayan jihadi ya fitar da su daga birni, da tamburansu da masu busarsu, har lokacin da Turawa suka mayar da Malam Musa kan gadon Daura a farkon ƙarni na 20. A Daura aka binne Mamman Shata a 1999. Mutanen da suka tashi suna jin kalangu a filin dambe da gangar noma a gona suna da ma'aunin da za su auna wannan wasa, kuma a ganina ma'aunin nasu ya fi na mafi yawan masu musun a Turai da Amurka kaifi.

Masu son wasan hujjarsu ta farko ita ce sauƙi. Ƙwallon PlayStation sai ka haddace maɓallai, wanda bai taso da ita ba ya sha kashi har ya yi zuciya. Nan kuwa duk wanda ya taɓa riƙe adda ko lauje ya riga ya san rabin aikin. Ba ya bukatar Turanci, ba ya bukatar karatu. Ba kasafai kuma yake sa jiri ba, abin da ke korar mutane daga sauran wasannin VR. Jirin na zuwa ne idan ido ya ce ana tafiya, gaɓar da ke kula da daidaiton jiki a cikin kunne ta ce a tsaye ake. A Beat Saber kai a tsaye kake a zahiri, a tsaye kake a cikin wasa, tubalan ne ke zuwa wurinka, don haka ido da kunne ba su da abin saɓani.

Hujja ta biyu motsa jiki ce, kuma tana da nauyi. Yaron da ya wuni a gidan gem yatsunsa biyu kawai suka yi aiki. Wanda ya buga waƙa biyar a matakin Expert sai ya nemi ruwa. Manomin Zango da ya dawo daga huɗa ba ya bukatar wannan, dariya ma zai yi. Amma akwai ma'aikacin sakatariya da ke zaune daga safe zuwa la'asar, akwai mai shago, akwai dattijon da likita ya ce ya rage tumbi saboda hawan jini ko ciwon suga. Akwai kuma matan aure, waɗanda ba su da filin ƙwallo, ba su da gidan motsa jiki, al'ada kuma ba ta sake musu su fita sassarfa a bakin titi ba. Filin da ake shawartar a ware wa tabaran mita biyu ne tsawo, mita biyu faɗi. A ɗaka, ƙofa a rufe, mace za ta yi gumin da take so ba wanda ya gan ta. Wannan hujja ban ga abin da zai ture ta ba in ban da tsada, za mu kuma zo kanta.

Ta uku ita ce wadda suka fi faɗa da zumuɗi: wai wasan na sa ka ji kiɗa ya ratsa ka. Duk saran da ka yi daidai mariƙin na ɗan girgiza a tafin hannunka, tubalin ya rabe biyu, ƙarar saran ta hau kan bugun. Idan abin ya yi daɗi sai tunani ya ɗauke, hannu ya riƙa zuwa da kansa. Su a wurinsu wannan rawa ce.

A nan masu suka ke shigowa, kuma da yawansu ba maƙiyan wasan ba ne, tsofaffin 'yan wasa ne. Sai an san yadda ake ba da maki kafin a gane ƙorafinsu. Kowane tubali maki 115 ne iyakarsa. Ana ba da 70 idan ka ɗaga takobi sosai kafin sara, wato kwanar digiri 100. A ba da 30 idan ka zarce da shi digiri 60 bayan saran. Ragowar 15 na wanda ya raba tubalin ta tsakiya ne. Idan ka jera sara ba kuskure makin na ninkuwa har sau takwas. Lura da abin da babu a wannan lissafi: lokaci. Wasan kiɗa ne, amma ba ya ba ka ko maki ɗaya don ka sara daidai kan bugu. In ka riga bugun da kaɗan ko ka makara da kaɗan, muddin takobi ya sami tubali da kyakkyawar kwana, makinka cikakke ne. Wasannin kiɗa da suka gabace shi, irin su Dance Dance Revolution na 1998 da Taiko no Tatsujin na 2001, dukkansu daga Japan, a kan daidaiton lokaci suka gina makinsu. Don haka masu suka ke cewa kunne ɗan rakiya ne kawai a Beat Saber, ido da hannu ne masu gida, kuma gwani zai iya kashe sauti ya ci maki mai kyau.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan ciwo. An tsara makin ne don a tilasta wa mutum buɗe hannu, amma kwanar takobi ake aunawa, ba motsin kafaɗa ba. Idan aka kai matakin Expert+, inda tubala ke zubowa babu ƙaƙƙautawa, ba mai iya wurga dukan hannu a kowane sara. Sai gwanaye suka koma karkaɗa wuyan hannu, gwiwar hannu na kusa da haƙarƙari, ƙafa a kafe. Duba bidiyon mai buga "Ghost" ta makaɗin Japan Camellia, wadda ta yi suna wajen wahala: ba rawa za ka gani ba. Daga nan 'yan wasa suka rabu gida biyu. Akwai masu farautar maki, waɗanda ke rayuwa a allunan gwanaye na ScoreSaber da BeatLeader, suna maimaita waƙa ɗaya har sai sun ƙara ɗigo a kan makin jiya, wasunsu na kukan ciwon wuyan hannu da kafaɗa. Akwai masu neman nishaɗi da gumi, waɗanda ke cewa na farkon sun mayar da wasa jarabawa. Wasu daga cikin na biyun sun yi ƙaura zuwa Synth Riders, inda hannu ke bin layukan haske maimakon sara, wasu zuwa Ragnarock, inda ake dukan ganguna huɗu da guduma biyu a kan jirgin ruwan mayaƙa.

Masu maki ba su rasa amsa ba. Cewa suke kowane wasa haka yake: na unguwa daban, na gwanaye daban, kuma wanda ya ga dama ya tsaya a matakin Hard ya yi ta rausaya, ba wanda ya hana shi. Gaskiya ne. Sai dai musun nasu duka ya tsaya ne a kan yadda ɗan wasa ke bin kiɗa. Ba wanda ya tsaya ya tambayi ko kiɗan na bin ɗan wasa, kuma a nan ne ɗan Zango ke da abin faɗa.

Hausawa na cewa idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Duk wanda ya zauna a filin wasa ya san juyin maganar ma gaskiya ne. Je ka dambe bayan kaka. Mai kalangu idonsa na kan ɗan damben. Ya ga gwaninsa ya miƙe, sai ya saki abin da yake kaɗawa ya ɗauko takensa, tsikar jikin ɗan dambe ta tashi, ya fito yana kirari, hannun da aka naɗe yana rawa. In turmi ya yi sanyi makaɗi ya zuga, in aka yi kisa kiɗa ya juye nan take. Abin da ya ɗaukaka makaɗi Ɗan Anace da ɗan dambe Shago ke nan, kowanne na hura wutar ɗan'uwansa. A gayya ma mai gangar noma ba ya kafewa a gindin bishiya. Yana bin manoma kunya-kunya, ya ga wanda ya fara sanyi ya matsa kusa da shi ya ambaci sunan ubansa, sai ka ga garma ta ƙara sauri. A gidan biki idan gwanar rawa ta sauya taku, mai kiɗa ne ke biyo ta, liƙin da ake yi kuma na su biyun ne.

A Beat Saber ba mai kallonka. Tubalan da suka zo maka yau su ne za su zo gobe, a daƙiƙa ɗaya, a gurbi ɗaya, ko kana cikin nishaɗi ko kana zazzaɓi. In ka yi bajinta kiɗan ba ya ƙara zafi don ya yaba maka. In ka gaji ba ya sassautawa, ma'aunin ƙarfinka ne zai yi ta raguwa har waƙa ta mutu a tsakiya. Ko bugun taron da aka ƙara a Oktoban 2020, inda mutum biyar ke iya haɗuwa ta intanet, kowa a kan layinsa yake, tubalansa yake sara, maki kawai ake gwadawa. A ma'aunin filin dambe wannan bai kai rawa ba, biyayya ce ga umarnin da aka rubuta tun kafin ka zo.

Na daɗe ina ganin wannan hujja ta kashe bakin magana, amma ɗaya ɓangaren na da abin cewa, kuma daga cikin gidanmu suke ɗauko shi. Ba duk wasanninmu ne na sakin jiki ba. 'Yan takai da ke zagaye da sanduna, kowa ya juya ya haɗa sandarsa da ta na gaba sannan ta na baya, ba su da 'yancin canza lokaci. Wanda ya makara a yatsa zai ji. Matan da ke lugude a turmi ɗaya, ana cilla taɓarya sama a tafa a cafe, ƙa'ida ce tsantsa, daɗin kuma a cikin ƙa'idar yake. Tafin gaɗa ma haka. Ashe jin daɗin faɗawa daidai cikin tsarin da ba kai ka shimfiɗa ba tsohon abu ne a wurinmu.

Suka ƙara da cewa ba gaskiya ba ne a ce babu makaɗi a wasan. Akwai shi, a ɓoye yake. Kowace waƙa sai wani ya zauna ya jera mata tubala ɗaya bayan ɗaya, abin da 'yan wasa ke kira taswira. Mai taswira ne ke zaɓar ko hannunka zai bi ganga, ko muryar mawaƙi, ko jita. Gwani a cikinsu ya san idan hannu ya sara ƙasa to sama zai so komawa, sai ya aje tubali na gaba inda hannun zai je da kansa. Wanda bai iya ba sai ya sa ka sara ƙasa sau biyu a jere cikin sauri, ka ji kafaɗa ta ƙi. 'Yan wasa sun san masu taswira da sunayensu, suna gane hannun wannan daga na wancan, suna yabo suna zagi. Na karɓi rabin wannan magana. Mai taswira makaɗi ne, amma makaɗin da ya kaɗa sau ɗaya ya tafi gida. Ya yi tunanin jikin ɗan wasa, bai ga naka jikin ba. 'Yan takai kuwa, duk tsaurin ƙa'idarsu, idon juna suke kallo, kuma idan zagaye ya ɗauki zafi mai ganga na ji yana ƙara wuta.

Maganar taswira ita ta kai mu ga rigimar da ta fi kowace daɗewa tsakanin 'yan wasa da kamfani. Waƙoƙin da ake sayarwa a hukumance na manyan mawaƙan Yamma ne da 'yan kaɗan daga Asiya: Imagine Dragons, Linkin Park, BTS, Billie Eilish, Lady Gaga, Queen, Daft Punk da ire-irensu. Ba kalangu, ba kotso, ba kukuma, ba Bahaushe ko ɗaya. Tun watannin farko 'yan wasa suka buɗe wa kansu ƙofar baya, suka riƙa yi wa wasan kwaskwarima don ya karɓi kowace waƙa, suka tara taswirori dubbai a rumbun BeatSaver, suna zana su da manhajoji irin su ChroMapper waɗanda kyauta ne. Da yawa na cewa ba don wannan ba da tuni sun jingine tabaran. Amma kusan duk lokacin da kamfani ya sabunta wasan sai kwaskwarimar ta lalace, a jira masu gyara, har wasu suka gwammace su zauna a kan tsohon zubi.

Masu kare ƙofar baya na cewa su suka raya wasan, kuma ba wanda zai jira kamfani a Amurka ya tuna da yarensa. Masu adawa na cewa mafi yawan taswirorin nan na ɗauke da waƙar mutane sukutum, ba izini, ba sisin kwabo ga mai ita. Mu wannan ba sabon labari ba ne. Mun ga yadda masu tura waƙa da fim a waya, a bakin kasuwa da tasha, suka durƙusar da cinikin faifai a Kano, mawaƙa suka koma dogaro da biki da siyasa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa wa hannu a Maris ɗin 2023, ta ba mai waƙa kariya tsawon ransa da shekara 70 bayan rasuwarsa. Ke nan abin da Shata ya ƙirƙira na magadansa ne har 2069. Saurayin da ya ɗora waƙarsa a rumbun duniya don kishin Hausa, da kyakkyawar niyya ya ɗauki kayan marayu. Duk da haka ina tare da masu ƙofar baya, don ita kaɗai ce hanyar da kiɗanmu zai bi ya shiga. Sharaɗina shi ne a yi sallama kafin a shiga: makaɗa masu rai suna nan a Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa, ana iya zuwa a gaishe su, a yi ciniki, a ɗauki sautinsu da yardarsu.

Ko an sami izini aikin ba ƙarami ba ne, kuma nan ne abin ya fi ba ni sha'awa. Manhajar taswira na son waƙa mai bugu daidaitacce, kaza a minti daga farko har ƙarshe. Waƙoƙin situdiyo na zamani, irin "Jaruma" ta Hamisu Breaker, a kan kwamfuta aka gina su, za su hau layi ba gardama. Kiɗan da aka ɗauka a fili kuwa numfashi yake yi. Yana farawa a natse, ya yi ta ƙara sauri yayin da wuri ke ɗumi, ya ja baya idan mawaƙi zai jefa magana, 'yan amshi su shigo wani lokaci kafin a zata. Mai taswira sai ya bi shi gaɓa-gaɓa yana gyara ma'auni da hannu. Amma akwai wata dama da ban ga kiɗan Yamma na da irinta ba. Gurbin tubala goma sha biyu ne, huɗu a kwance, hawa uku a tsaye. Kalangu kuma magana yake yi: mai shi na matse igiyoyinsa a hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauka, yana kwaikwayon hawa da saukar harshen Hausa. Ana iya aje bugu mai kaifi a hawan sama, mai kauri a ƙasa, a yi amfani da bakan haske da aka ƙara wa wasan a 2022 wajen nuna inda sauti ya zame daga sama zuwa ƙasa. Ɗan wasan da ya bi irin wannan taswira, da hannunsa zai zana abin da kalangu ke faɗa. Ba wanda zai iya tsara ta sai mai jin abin da gangar ke cewa.

Sai tsada, wadda ke iya mayar da duk wannan tatsuniya. Quest 3S, mafi arha a tabaran Meta, ya fito a Oktoban 2024 a kan dala 299, wasan kansa kusan dala 30, kowane ƙunshin waƙoƙi da kuɗinsa. A shekarar dala ta haura naira 1,500, mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000 ne. Tabaran kaɗai ya cinye albashin wata shida, tun ba a sa ribar ɗan kasuwar da ya shigo da shi ba, don Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Meta ke sayar wa kai tsaye. Batirinsa awa biyu ne da 'yan kai, sai a koma jiran wutar KEDCO ko sola. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wa zai ɗaura rabin kilo a fuska ya yi tsalle? Ƙurar hunturu na cin gilashi, hasken rana kuma in ya faɗa cikin gilashin kai tsaye yana ƙona allon da ke ciki. Idan gidan gem ne zai saya don haya, soson da ya sha gumin mutum ashirin abin dubawa ne, musamman lokacin da ciwon ido ke yawo. A 2021 sai da kamfanin ya janye soson tabaransa na Quest 2 saboda ƙaiƙayin fata, ya raba murfin roba. Mai gidan gem zai kuma lissafa cewa PlayStation ɗaya na ɗaukar mutum biyu, tabarau mutum ɗaya. Abin da zai ba shi ƙwarin gwiwa shi ne waƙa minti uku ce ko huɗu, layi na tafiya da sauri, kuma ana iya haska abin da ɗan wasa ke gani a talabijin, 'yan kallo su sami na ihu. A irin wannan ɗaki, da abokai na zuga ka suna kiran sunanka, wani abu daga filin dambe zai dawo ta taga.

Wanda ya saya ya kuma sani cewa aro ya yi mai tsada. A Yunin 2025 kamfanin wasan ya sanar da daina fitar da sabbin abubuwa ga masu buga wasan a PlayStation, mutanen da suka biya kuɗinsu kamar kowa. Sashen Meta da ke kula da wannan harka ya yi asarar sama da dala biliyan 17 a 2024 kaɗai. Ranar da masu hannun jari suka gaji, ba za a tambayi ɗan Zango ba.

Iyaye da malamai ma za su yi tasu tambayar. Saɓanin malamai a kan kiɗa ya girmi kwamfuta, ba kuma ni zan raba shi ba; wanda ya bar kiɗa don addini, wannan wasa ba nasa ba ne, magana ta ƙare. Wanda bai bari ba, abin da ya kamata ya kula da shi a fili yake. Tabaran na rufe ido, sautinsa na cika kunne, ana iya kiran salla ko uwa ta yi ta kira ba a ji ba. Wasu waƙoƙin na ɗauke da kalaman da uba ba zai yarda a faɗa a zaurensa ba da da Hausa aka yi su. Kamfanin Meta kansa shekara 13 ya gindaya wa masu sa tabaran da farko, a 2023 ya sauko zuwa 10 bisa kulawar iyaye, kuma mun san mai gidan haya ba takardar haihuwa zai tambaya ba.

'Yan Najeriya sun riga sun nuna ba saye kaɗai suka iya ba a wannan fage. A 2019 Joel Kachi Benson ya ci kyauta a bikin fina-finai na Venice da fim ɗinsa na VR, Daughters of Chibok. Zana taswira bai kai wannan wuya ba: kwamfutar tafi-da-gidanka, manhajar kyauta, kunne mai kyau da haƙuri. Ɗalibi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura zai iya, ko da tabaran na aro ne ranar gwaji. Inda zai sha wuya shi ne wurin da makaɗi ya ɗaga hannu, maroƙi ya shiga kirari, a yi rabin minti ba bugu ko ɗaya. Masu farautar maki za su ce a yanke wurin, ɓata lokaci ne, ba abin sara. Makaɗin da ya ba da izini ba zai yarda a taɓa shi ba, don a wurinsa saboda wannan gaɓar aka yi kiɗan, ni ma kuma bayansa zan bi.